Akwatin hotunan Baba da kaset ɗin biki: ta ina za a fara?

Wata baiwar Allah daga Rafindadi, cikin birnin Katsina, ta yi tambaya. Mahaifinsu ya rasu bara, da aka buɗe ɗakinsa sai aka tarar da akwatin ƙarfe maƙare da hotuna, wasu baƙi da fari, wasu masu kala da suka rine suka yi ja, ga albam uku, ga kuma kaset ɗin bidiyo goma sha ɗaya, biyu daga ciki sun yi fari-fari. 'Yan'uwa na ta matsa mata a ɗauka da waya a tura zauren WhatsApp na gida. Mutanen da ke cikin tsofaffin hotunan kuwa ba wanda ya san su duka sai gwaggonsu da ke Daura, wadda ta haura shekara tamanin. Ta ina za ta fara, da me za ta yi aikin, kuma ina za ta ajiye?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Malama, na kusa shekara talatin ina sana'ar hoto a garin nan, tun ina yaron shago ana sa ni haɗa ruwan wanki a ɗakin duhu, kuma irin akwatin nan naku ya sha zuwa gabana. Tsarin da nake bi guda ne: abin da ya fi saurin kuɓucewa shi ake fara kamawa. In aka bi wannan ma'auni, cikin duk abin da kika lissafa Gwaggo ce a gaba, sai kaset, sai hotuna masu kala. Baƙi da fari su ne na ƙarshe, don hoton da ya jure shekara sittin a akwati zai jira ki wata shida.

Rai na hannun Allah, yaro na mutuwa tsoho na nan. Amma sanin da ke kan Gwaggo babu na'urar da za ta dawo da shi. Ina da kwali guda a shago na hotunan da masu su suka bari, tsaf da su, ga manyan riguna ga rawuna ga dawaki, amma ba mai iya cewa wane ne wane. Jikokinsu ma sun duba sun girgiza kai. Saboda haka kafin ki sayi komai, ki zaɓi hotunan da suka fi tsufa, ki sa wa kowane lamba a baya can gefe da fensir mai laushi, ki shiga mota. Daga Katsina zuwa Daura bai wuce kilomita 80 da 'yan kai ba. Kada ki yi amfani da biro, yana huda takarda kuma tawadarsa na fitowa ta gaba. In bayan hoton mai santsi ne fensir ya ƙi kamawa, sa shi a ambulan ki rubuta lambar a jikin ambulan ɗin.

In kin zauna da ita, kunna rikodar waya ki ajiye a gefen tabarma, ki faɗi lambar hoton da ƙarfi, sannan ki miƙa mata. Kada ki katse ta in ta saki hanya. Za ta fara da mai tsaye a hagu ta ƙare da labarin yadda aka kai amarya Mashi a kan jaki, kuma sau da yawa wannan labarin ya fi hoton daraja. Hoto ashirin ko talatin a zama ɗaya sun isa, tsoho na gajiya. Ki tambaye ta sunan yanka, don yawancinsu da laƙabi ta san su, ko kuma ta ƙi faɗin sunan saboda alkunya, kamar na ɗan fari ko na suruki. A nan sai ki nemi wata tsohuwar ta cike maki.

Shekara kuwa ba za ta ba ki da lamba ba. Za ta ce shekarar fari, ko shekarar da aka canja kuɗi, ko zamanin Sarki wane, ke ce za ki juya. Naira ta maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, an kuma yi canjin kuɗi a watan Afrilu 1984, don haka ki tambaye ta wanne take nufi. Babban farin da tsofaffi ke ambata ya yi tsanani wajen 1973. An koma tuƙi ta hannun dama a Afrilu 1972. An fara UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, a 1976. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi har 2008. A Daura Sarki Muhammadu Bashar ya hau a 1966 ya rasu a 2007. An yanke Jihar Katsina daga Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987. Da waɗannan kaɗai za ki iya kusantar shekarar hotuna da yawa, musamman na hawan Sallah da na Gani. Jan lambobin kwanan wata da wasu kyamarori ke bugawa a kusurwar hoto kuwa kada ki amince da su ido rufe, don in batir ya ƙare agogon kyamarar komawa yake farko, kuma ba kowa ke saita shi ba.

Yanzu kaset, inda aikin yake da wuya kuma inda aka fi yin ɓarna.

Zaren kaset ɗin bidiyo leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka riƙe shi da wani irin danƙo. Danshi na cin danƙon nan a hankali har zaren ya fara yauƙi yana zubar da garin, zafi kuma na ƙara masa sauri. Ki duba yanayinmu: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, sai Agusta ta zo da laima, hunturu ya biyo da ƙura. Kaset ɗin da aka ɗauki bikin 1993 ya sha wannan juyi sau talatin da wani abu. Ga kuma matsala ta biyu da ta fi ta farko: na'urar kallon ce ke ƙarewa. Kamfanin JVC ya fito da VHS, wato irin wannan kaset da na'urarsa, a 1976, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar, ya daina a 2016. Duk bidiyo mai kaset da kika gani a kasuwa yau tsoho ne, bel ɗinsa ya saki, kuma masu gyaran da suka san cikinsa sun tsufa ko sun koma gyaran waya.

Biyun nan da suka yi fari-fari funfuna ce ta kama su. Ki ware su a leda daban tun yau, kuma ko da wasa kada a sa su a na'ura don a ga ko suna yi. Ni na taɓa yin wannan wautar ina sabon shiga. Wani bawan Allah ya kawo mani kaset ɗin sunan ɗansa, na ga ɗan fari kaɗan na ce ba komai, na tura. Zaren ya manne, na'ura ta ja, ya tsinke ya nannaɗe a kai. Na rasa wajen minti goma na kaset ɗin mutum, kuma kan na'urar, wato ƙarfen da ke karanta zaren, ya kwashi funfunar ya shafa wa kaset ɗin da na sa bayansa. Mai funfuna sai an kwance shi an goge zaren sannu a hankali da ƙyalle marar gashi, a waje, da takunkumi a hanci, don ƙurarta na cutar da ƙirji. Aikin wanda ya saba ne. In ba ki samu gwani ba gara ki bar su a busasshen wuri su jira, da a yi masu gyaran gangar Auzinawa.

Sauran tara ɗin, abu na farko ki duba gefen da ake manna takardar suna, akwai ɗan harshen roba a kusurwa. Ki ɓalle shi. In babu shi na'ura ba za ta iya ɗaukar wani abu a kan kaset ɗin ba ko an danna bisa kuskure. Gidaje nawa aka share bikin uwa da wasan ƙwallo saboda harshen nan! Sai ki jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da sifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Yadda ake kwafewa ba ɓoyayye ba ne. Ana haɗa na'urar bidiyo da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai shiga ramin USB, mai karɓar wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, sai manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce, ta riƙa naɗa. Babu gajeriyar hanya: kaset mai lamba E-180 awa uku ne, kuma awa uku za a zauna ana kallonsa yana tafiya. Shi ya sa ba na yin aikin da wutar NEPA kai tsaye, sai da sola ko batir, don ɗaukewar wuta a tsakiya na iya sa na'ura ta tauna zare. Kafin a sa naku, a gwada na'urar da wani kaset da ba a damu da shi ba. Tsarin talbijin ɗinmu a Najeriya PAL ne, don haka a naɗa a ɗigo 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. In akwai kaset da wani ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, nasu NTSC ne, sai na'ura mai karanta tsari biyu. Kuma a bar hoton da siffarsa ta tsohuwar talbijin. Masu shago na son buɗe shi ya cika faffaɗan allo, sai ki ga amarya ta yi faɗi kamar an danne ta.

In shago za ki kai, kuma ina ganin shi ya fi maki sauƙi da kaset tara, ki yi sharaɗi tun kafin a yi ciniki. Fayil kike so, MP4, wanda awa ɗaya ba ta gaza gigabait biyu zuwa huɗu ba. Wanda ya ce zai matse maki awa uku a megabait ɗari biyar ya zubar da rabin fuskokin. Kada a sa kiɗa a kai, kada a sa furanni masu yawo da sunan shago, kada a yanke wuraren da ake ganin ba komai. Wurin da mai kyamara ya manta bai kashe ba, ana jin muryar kaka tana faɗa a madafa, watarana shi za a fi nema. Ki fara ba da kaset ɗaya ki ga aikinsa, kuma a dawo maki da kaset ɗinki.

Ƙila a ƙasan akwatin ki ga ƙananan kaset. In an rubuta VHS-C, akwai gidan da ake saka shi ya shiga na'ura ta yau da kullum. Video8 da Hi8 sai kyamarar da ke cin irinsu. MiniDV kuwa, wanda masu ɗaukar biki suka koma wa wajen shekarun 2000, dama na dijital ne, kwafe shi ake ta wayar FireWire ba tare da ya ragu ba, awa ɗaya kusan gigabait 13. In kuma an taɓa juya wani biki zuwa faifai, kada ki ɗauka an gama. VCD ƙaramin hoto ne, 352 da 288, bai kai kaset ɗin da aka kwafo shi ba, kuma faifan da aka ƙona a shago zafi da rana na cinye shi. Ki buɗe faifan a kwamfuta ki kwashe abin da ke ciki yadda yake, a VCD yana foldar MPEGAV, a DVD yana VIDEO_TS, amma in kaset na asali na nan daga shi za a sake kwafowa. Kaset ɗin rediyo ma kada ki raina. Da can wanda ke Makka ko Kurmi kan naɗi saƙo da bakinsa ya aiko gida, ƙila muryar Baba na cikin ɗaya.

Hotuna sun fi sauƙi. Masu kala sun yi ja ne saboda rini uku ake haɗawa a takardar, kuma shuɗi-shuɗin ya kan riga sauran gushewa, sai ja ya rinjaya. Ba a tsayar da wannan, sai dai a rage masa gudu da sanyi da duhu. Baƙi da fari kuwa azurfa ce ke riƙe da hoton, shi ya sa na kakanni ya fi na iyaye lafiya.

Sikana mai murfi, ko da irin wadda ke haɗe da firinta ce, ta fi waya. A sa ta a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a kuma zaɓi mai kala ko da hoton baƙi da fari ne, don a kama launin tsufansa. Hoto mai inci 4 da 6 zai fito da ɗigo 2400 da 3600, ya isa a wanke shi babba a rataye. Ɗan ƙaramin hoto irin na fasfo a kai shi 1200. Ki tsaya a kansu in a shagon kwamfuta ne, don sun saba da takardun makaranta, hannunsu na zuwa kan PDF mai ƙaramin ƙarfi. Waɗanda suka fi daraja a ajiye su a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto, kowane zai ci wajen megabait 25, sauran JPEG mafi inganci ya wadatar. A goge gilashin akai-akai, ƙurar Katsina ba ta neman izini. A ɗauki bayan hoton ma in akwai rubutu ko hatimin mai hoto, don hatimin kan faɗi gari, wani lokaci har shekara. In kin ci karo da fim ɗin da aka wanke hotunan daga jikinsa, leda mai ruwan ƙasa mai huji-huji a gefe, ki riƙe shi da kyau ta gefe, ya fi takardar cikakken bayani, sai dai yana buƙatar sikana mai fitila a murfi. Wanda ke warin tsami kamar ruwan kal ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran a fara da shi.

In waya ce kaɗai gare ki, ita ma tana yi. Ki fita baranda da hantsi, inuwa mai haske, ki kashe fitilar kyamara, ki goge idonta, ki shimfiɗa hoton a kan baƙin ƙyalle, wayar ta daidaita sambal a samansa ba a karkace ba. Manhajar PhotoScan ta Google na ɗaukar hoto ta kusurwa huɗu ta cire ƙyalli, tana da amfani ga wanda ke cikin gilashi.

Albam mai danƙo da leda a sama shi ne babban maƙiyi. In hoto ya ɗago da kansa, cire shi. In ya kama, bar shi, a ɗauki shafin gaba ɗaya. Haka wanda ya manne da gilashin firem, a ɗauke shi ta cikin gilashin, in kika ja fuskar za ta bi gilashi. Kada a kai hoto a liƙe shi da leda mai zafi kamar katin shaida, ba ya ciruwa har abada. Ban da salatif, ban da gam, ban da roba mai ɗaure kuɗi.

Akwai manhajojin da ake yayi yanzu masu gyara tsohon hoto su sa masa kala su fito da fuska tas. Ni ina ɗari-ɗari da su. Inda hoton ya dushe, manhajar ƙirƙiro ido da hanci take daga fuskokin wasu mutane. An taɓa nuna wa wata dattijuwa hoton mijinta da aka gyara haka a gabana, ta daɗe tana kallo ta ce wannan kyakkyawa ne amma ba Malam ba ne. Ta kan goge zanen fuska ma, tana ɗauka tabo ne, alhali da zanen ake gane dangi. In yara na so su yi, su yi a kan kwafi, a rubuta cewa gyararre ne, na asalin ya zauna yadda sikana ta ba da shi.

Sunan fayil ki fara da shekara, sai gari, sai abin da ake yi, sai lambar da kika sa a bayan hoton, kamar 1984 Daura auren Yaya 017. In shekarar hasashe ce ki sa "wajen". Sunayen mutane ki rubuta a littafi guda bisa lamba, ki ɗauki hoton shafukan ki zuba cikin foldar tare da muryar Gwaggo.

Maganar 'yan'uwa ta WhatsApp, ki tura masu su ji daɗi, amma can wurin rabo ne kawai. Yana matse hoto da bidiyo ya rage su, sai in an tura a matsayin takarda, kuma waya na faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gida daban. A wurinki wannan na nufin rumbun ajiya na waje, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis, guda biyu, ɗaya a hannunki ɗaya a Daura ko wajen wani yaya a Kaduna, na uku kuma a intanet. Terabait ɗaya ya ishe ku har da saura. Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki hotunan JPEG amma ban da bidiyo, kuma ƙa'idarsu ita ce asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba suna iya share shi. Don haka mutum biyu su san kalmar sirrin, a riƙa leƙawa. Filashi da katin mimori na aike ne, ba a jingina da su, ga jabu sun cika kasuwa: a rubuta gigabait 64 a jiki, ki zuba kaya ya nuna sun shiga, ran da kika buɗe ki tarar da fanko. Rumbun ma ba ya dawwama, faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya kashe shi. Ki sa wa kanki lokaci, ko bayan kowace Babbar Sallah, ki jona su ki buɗe 'yan fayiloli ki gani, bayan shekara biyar kuma ki sayi sabo ki juye.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kaset ɗin biki cike yake da matan aure a cikin gida, ranar kamu da ranar wuni, ba mayafi, suna rawa don sun san mata ne kaɗai. Wasu sun rasu, wasu auren ya mutu, wasu yanzu surukai ne masu jikoki. Ki zaɓi mai shagon da kika yarda da amanarsa, ki sa ya goge nasa kwafin a gabanki, in da hali ma a yi aikin a gida wani ƙanenki na zaune. Kafin wani ya ɗora a Facebook ko TikTok a nemi yardar masu fuskar.

Na asalin kuma ba a zubarwa bayan an kwafe, don na'urar gobe za ta fi ta yau iya karantawa. Ki fitar da su daga akwatin ƙarfen in yana tsatsa, ki sa farar takarda marar rubutu tsakanin hotuna, ban da jarida, ki zuba a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. A ɗora a kan kanta a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da rufin kwano. Su zauna a hannun mutum ɗaya da kowa ya amince da shi, kada a raba su kamar gado kowa ya tafi da uku-uku, tunda kowa zai samu cikakken kwafi. In kuma kin ga hoton da ya shafi gari gaba ɗaya, kamar tsohuwar Ƙofar Soro, ko ganuwa kafin ta zube, ko ɗaliban wata makaranta ta da, ki kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ko gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, bayan kin shawarci manyan gida.

In za ki Daura ki tafi da tabaran Gwaggo a zuciya, ki tambaya tun a waya ko yana nan lafiya. In babu, ki ɗauki hotunan a waya tukuna don ki riƙa buɗa mata fuskokin da yatsa. Ki gaishe mani da ita.